Maɗacin Ƙofar Gida da Gwamnatoci Uku

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da kawunka Dogo da iyalinsa baki ɗaya. Allah Ya kare ku daga ciwo da sharrin mutum, Ya buɗa maka ƙwaƙwalwa a karatun shari'ar nan da ka sa gaba, kada Ya yi maka irin ta ubanka, wanda karatu ya leƙo kansa, ya ga babu wurin zama, ya juya. Ka yi haƙuri da rubutun. Da hannuna na yi shi, ban ba kowa ba, don maganar ta cikin gida ce. Ka san a aji huɗu na tsaya, ranar da ni da malamin lissafi muka dubi juna muka ga babu mai ƙaruwa da wani, muka rabu lafiya. In ka ga harafi ya kwanta ka tashe shi. In ka ga baƙi a gefen takarda, ba hatimi ba ne, yatsan mai faci ne.

Mutanen gida duk lafiya. Mahaifiyarka tana nan, sai ciwon gwiwar nan nata da ba ya tashi sai na ce a miƙo mini wani abu. Yayarka ta sauka lafiya, mace aka samu, kuma jaririyar ta kwaso hancina kaf, Allah Ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Auta ta shiga aji biyar, wato ta wuce ni a hukumance, yanzu ko labari nake bayarwa sai ta gyara mini. Kakarka tana ci, tana sha, tana faɗa, kunnen ne kawai ya ƙara nauyi. A kanta ma zan yi maka maganar. Na so in faɗa maka ta waya, amma ka san halina. Da na ji muryarka sai wasa ya ƙwace mini baki, mu yi ta dariya har a kashe, abin da na kira dominsa yana nan a maƙogwaro. Shi ya sa na ce bari in gwada biro, ko shi zai fi ni kamun kai.

Maganar maɗacin ƙofar gida ce. Ba sai na kwatanta maka shi ba, a inuwarsa ka koyi tafiya, a inuwarsa kuma nake facin taya shekara talatin da biyu. Kakanka, wanda ka ci sunansa, shi ya dasa shi da hannunsa shekarar da ya kawo kakarka gidan nan, tun babbar hanyar nan tana turbar ƙafa. To, ƙarshen daminar bara aka zo aka haƙa sabon lambatu a gefen hanya. Injin haƙan ya datse saiwoyin da ke ɓangaren titi, manya-manya, wasu sun kai cinyata kauri. Ina tsaye ina kallo, har ina yi musu sannu da aiki. Tun daga nan itacen ya fara sunkuyawa kamar mai neman allura a ƙasa, kuma bai zaɓi ko'ina ba sai kan ɗakin kakarka. Saiwoyin da suka rage suka ɗago ƙasa, bangon ɗakin na waje ya tsage tun daga tushe. Ni ba injiniya ba ne, amma ina da kayan awona. Da farko reza ce kawai ke shiga tsagar. Bayan wata biyu bakin sukudireba ya shiga. Kafin zafi ya kankama, ƙarfen da nake cire taya da shi yana shiga har ya yi wasa.

Abokina Mai Zarto, wanda ka sani, mai injin yankan katako, ya zo ya kewaya itacen sau biyu, ya ce in ba shi safiya ɗaya kawai. Ya ce zai hau da igiya ya sauke shi reshe-reshe daga sama, kafin azahar an gama, shi ya kwashe katakon, ni in samu barci. Babana, da na ce masa to, da yanzu wannan takardar labarin jaririya ce kawai. Amma ka tuna ɗan littafin nan da ka bari a gida hutun da ya wuce, kundin tsarin mulki da aka fassara? To shi ne ya kai ni ya baro. In babu ciniki nakan ɗauko shi in bi layi da yatsa. A shafin farko na ga an ce littafin yana sama da kowa, daga shugaban ƙasa har ƙasa, kowa a ƙarƙashin doka yake. Na lissafa na ga ƙasan nan da ake faɗa ni ne, wato har da ni aka rubuta. Kaina ya kumbura. Ga shi kuma na taɓa ji a rediyo cewa babban itace irin maɗaci ba a sare shi sai da izini. Sai na dubi Mai Zarto, mutumin da muka yi ƙuruciya tare, na ce masa ni uban lauya ne, ba zan yi aikin ɓoye ba, ya ba ni mako ɗaya in karɓo takarda. Ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya ɗauki injinsa ya tafi.

Ban tsaya nan ba, sai da na ƙara wa wautar gishiri. Na je wurin mai buga takardu na ƙofar sakatariya na ce ya buga mini koke guda uku iri ɗaya, na ƙaramar hukuma, na jiha, na tarayya, kuma a ƙasan kowanne ya rubuta cewa an aika wa sauran biyun. Shi kansa ya ce in fara da ɗaya mana. Na ce a'a. A tunanina gwamnati gida ɗaya ce, uba da ɗa da jika, in kowa ya san an faɗa wa ɗan'uwansa, kunya za ta sa su yi rige-rige. Ni da na haifi biyar! Ni da na san in na tsaya a tsakar gida na ce wani ya kawo mini buta alhali ku uku kuna zaune, sai dai in je in ɗauko da kaina.

Ƙaramar hukuma na fara zuwa, don ita ce a kusa. Jami'in yana zaune ƙarƙashin fankar da ba ta da murfi, an tokare ƙafar teburinsa da kwali. Ya karɓe ni da mutunci, yana ta ce mini Baba. Ya karanta, ya ce su nasu kasuwa ne, da shara, da ƙananan tituna na cikin unguwa, da rajistar haihuwa, da maƙabarta. Itace yana tsaye ba nasu ba ne, na jiha ne. Na ce to in ya faɗi fa? Ya ce in ya faɗi ya tare hanyar unguwa, daga nan ya zama shara, shara kuwa tasu ce, za su zo da gudu. Na ce wato ku masu shara da maƙabarta, sai an gama ɓarna ake shiga hurumin ku. Muka yi dariya ni da shi, har da tafa hannu. Sai da na fito bakin ƙofa na ji abin da bakina ya faɗa, na tuna kakarka, na daina dariya. Washegari suka turo mutum ya rubuta lamba a jikin itacen da farin fenti, wai don a san koke ya iso.

A ma'aikatar gandun daji ta jiha na haɗu da wata jami'a mai tabarau, Allah Ya saka mata da alheri, ita ce ta fara ba ni kujera. Da ta ga littafinka a aljihuna sai ta ce in ajiye, za ta taƙaita mini. Ta ce in ɗauka an zube ayyukan ƙasa duka a tabarma an kasa. Kashi ɗaya na tarayya ne ita kaɗai, kamar soja, da kuɗin ƙasa, da iyakoki, da hulɗa da ƙasashen waje, da manyan hanyoyin da suka haɗa jiha da jiha. Kashi na biyu na haɗaka ne, kowa yana iya yin doka a kai, amma in dokokin suka yi karo, ta tarayya ce ke wucewa. Abin da ya rage ba a ambata ba kuwa na jiha ne, kuma itatuwa a nan suka faɗo. Saboda haka maɗacina nata ne, ita ke da ikon ba da izini. Wallahi saura kaɗan in rungumi teburin. Har ta jawo fom ta cire murfin biro, sai idonta ya sauka ƙasan takardata, inda na sa aka rubuta cewa an aika wa ofishin hanyoyin tarayya. Ta ɗago ta tambaye ni me ya haɗa tarayya da itacena, ko a bakin babbar hanya yake? Na ce ai a inuwarsa manyan motoci ke tsayawa in yi musu faci, ina faɗa ina alfahari. Ta mayar da murfin biron. Har yau ina jin ƙarar murfin nan.

Ashe babbar hanya ba kwaltar kaɗai ba ce. Akwai fili hagu da dama, an ƙayyade faɗinsa daga tsakiyar titi, shi ma na tarayya ne. Ta turo mai awo da igiyarsa, ya ja daga tsakiyar kwalta, motoci suna ta yi masa oda, ya zo ya tsaya a gindin maɗaci yana sosa ƙeya. Layin ta tsakiyar gangar itacen ya ratsa. Fiye da rabi a filin tarayya, sauran a ƙasar jiha, rassan kuma a kan uwata. Jami'ar ta ce ba za ta iya sa hannu a sare abin da ke tsaye a filin tarayya ba sai sun rubuto cewa ba su da ja. Mutanenta suka yi wa itacen alama da jan fenti.

Ofishin tarayya mota biyu ake shiga kafin a kai. Injiniyan da na samu yaro ne matashi, bai wuce sa'an yayarka ba, ɗakinsa cike da taswirori a nannaɗe. Na shiga da ƙarfina, na ce masa na gaji da yara, na zo wurin uba, ya ɗaga waya ya ba jiha umarni. Ya yi murmushi ya ce kowa haka yake zato, amma ba haka aka gina abin ba. Ya ce gwamna ba yaron shugaban ƙasa ba ne. Jama'a ne suka zaɓi wannan daban, suka zaɓi wancan daban, kuma kowannensu daga littafin yake karɓar ikonsa, ba daga hannun ɗan'uwansa ba. Tarayya tana da ɗakinta, jiha tana da nata, babu mai shiga na wani ya gyara shimfiɗa. Na ce to ni shekara sittin ina zaton abin kamar soja ne, babba ya daka wa ƙarami tsawa, ƙarami ya daka wa na ƙasa da shi, har a zo kaina. Ya ce da haka ne, da mutum ɗaya in ya tashi da ɓacin rai sai ƙasa duka ta kwana da yunwa. Na ce na ji, to takardar rashin ja fa? Ya ce su kwalta suka sani da gada da kwalbati, ba su da masanin itace. Ba zai iya rubuta cewa ba su da ja ba sai jiha ta fara ba da shaidar cewa itacen haɗari ne kuma ta amince a sare. Na koma jiha, jami'ar ta ce amincewar ai ita ce izinin, izinin kuma yana jiran takardarsa. Na tambaya wa ya haƙa lambatun da ya jawo wannan duka, aka ce aikin haɗaka ne. Na tambaya wane ne ya kawo injin, kowa ya nuna mini ɗayan da haɓa.

Sau huɗu na yi wannan zirga-zirgar. Yanzu maigadin ofishin tarayya in ya hango ni ba ya tambayar iyali, sai ya ce ya jikin maɗaci. Masinjan gandun daji kuwa har facin babur na yi masa a harabar ma'aikata, da kayan da ke aljihuna. Su ma na tarayya sun zo sun shafa nasu fentin ruwan ɗorawa. In ka ga itacen yanzu, fari da ja da ruwan ɗorawa, ka ce amarya ce. Da na ga abin ya ƙi, na sauke girman kai na je wurin Mai Zarto na ce ya zo mu yi irin ta da. Ya zo, ya tsaya ya dubi fentin nan uku. Ya ce da can itacen Allah ne, babu wanda ya san da shi, yanzu kuwa yana da fayil a gida uku, ya fi shi kansa gata. Ya ce duk wanda ya sa masa zarto, hukuma uku ce za ta yi layi a ƙofarsa, a ƙwace injin da yake ci da iyali da shi, a rufe shi. Ban ga laifinsa ba. Na tambayi wasu masu yanka biyu, da suka ga fentin ko saukowa daga babur ba su yi ba.

Kada ka ce ban bi sauran shafukan ba. Na karanta inda aka ce iko kashi uku ne, masu yin doka, da masu aiwatarwa, da masu shari'a, kowa yana sa wa ɗan'uwansa ido. Na ce to masu aiwatarwa sun gagare ni, bari in gwada sauran. Ashe wakilai uku gare ni ban sani ba, ɗaya a majalisar jiha, biyu a ta tarayya, tunda ita zaure biyu gare ta. Biyun nan a jikin fasta kawai na san su. Na jihar na samu a ofishinsa na unguwa, ya saurare ni tsakani da Allah, har ya rubuta. Ya ce su doka suke yi, su kuma kira ma'aikata su yi musu tambayoyi, amma ba su da ikon ba da izinin sare ko da kara. Zai tayar da maganar in an dawo hutu. Na tambaye shi yaushe ake dawowa, ya faɗa mini, na lissafa na ga lokacin ruwa ya yi tsakiya. A kotu kuma magatakarda ya ce tunda akwai ofishin tarayya a cikin rigimar, ba kotunsu ba ce, in tafi ta tarayya. Can aka karɓa, aka ce alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji kowane ɓangare, kuma kowane ɓangare yana da kwanakinsa na amsawa. Ranar da aka ba ni bayan damina ce. Na dawo na tsaya gaban maɗaci na karanta masa ranar da ƙarfi, ko zai daure. Mahaifiyarka ta leƙo ta ce abin ya kai ga haka?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ko zagin littafin ba zan iya yi ba. Kana ƙarami, ba lallai ka tuna ba, an taɓa yin wani shugaban ƙaramar hukuma da ya tashi rushe duk rumfunan bakin hanya, tawa da ta Wanzami da ta Mai Walda, don ya yi wani gini nasa. Har motar rusau ta iso. Wani lauya ya kai maganar kotu, alƙali ya ce filin ba na ƙaramar hukuma ba ne, ba shi da iko a kai, ya kwashe motarsa. Ranar har rawa na taka a bakin titi. Da rumfar nan na ciyar da ku, da ita ka kai inda kake. To layin da ya hana shi taɓa rumfata, shi ne layin da mai awo ya ja ta tsakiyar itacen nan. Ban san da shi ba sai yanzu, amma shekara ashirin yana tsare da ni. Duk wanda na gani a ofisoshin nan ba mugu ba ne, ba wanda ya wulaƙanta ni, kowa tsoron taka hurumin wani yake yi, kuma na gane dalilin tsoron. Sai dai itacen ne bai yi ko aji ɗaya ba, bai san hurumi ba.

To ka ce a fitar da tsohuwa daga ɗakin mana, a huta. Babana, nan ne gwamnatina ta faɗi. Na gyara ɗakinka, na yi masa shafe, na sa sabon labule, na je na durƙusa na ce Inna ki dawo nan kafin ruwa ya sauka. Ta ce ba ta ji ba. Na ɗaga murya, ta ce ba kurma ba ce, in daina yi mata ihu. Na tara majalisa, mahaifiyarka da gwaggonka da yayarka, kowa ya yi jawabi, aka amince baki ɗaya. Ta bari muka gama, ta ce ɗakin nan maigidanta ne ya ba ta tun ba a san za a haife ni ba, ikona ya tsaya a bakin ƙofarta, in ina son mulki in je in yi a rumfar faci. Ka ji, ita ma jiha ce mai cin gashin kanta, kuma ba ta karanta littafin kowa ba. Na ce itacen zai faɗo. Ta ce hannun da ya dasa shi bai taɓa dukanta ba yana raye, ba zai fara yanzu ba. Ta ce in kuma ya faɗo ɗin, to kira ne ya aiko, ta daɗe tana jira. Gwaggonka ta ce a ɗauke ta cak a fitar. Na ce wa zai ɗauka? Ni dai hannuna ba zai iya ɗaga uwata tana cewa a sauke ta ba.

Sai da muka tashi za mu fita ta yi wata magana, tana dariya. Ta ce mai gidan nan kaɗai ke iya tashinta daga ɗaki, babban ya tafi, saura ƙaramin, shi kuma ya gudu karatu ya bar ta babu ko cefane. Kai take nufi, angonta, mai sunan mijinta. Su sun ɗauka wasan kaka da jika ne. Ni kuwa na san uwata, in za ta buɗe ƙofa, da wasa take nuna inda makulli yake. Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma ka ga uba yana roƙon ɗa, to abin ya kai. Ban ce ka zo ba, jarrabawa tana gabanka, in ka baro ta saboda itace ni da kai ne. Ka zauna ka rubuto mata takarda da hannunka, ba ta waya ba, ta ce waya ba murya ba ce, kuma ba ta ji. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, Auta za ta karanta mata a kunne. Kada ka lallashe ta, mu mun yi lallashi ya ƙare. Ka yi mata magana a matsayin maigida, ka ce ka ba da umarni amaryarka ta koma ɗakinka ta tsare maka shi har ka dawo, kada ƙura ta hau littattafanka. Ka yi mata tsiya yadda kuka saba. Kai ne kotun ƙolin gidan nan, daga kai babu ɗaukaka ƙara. In ta ƙi naka, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba kuma.

In ka samu sarari kuma, ka nuna wa malamanku wannan labarin, ka cire wajen wautata in zai yiwu, ko da yake in ka cire ba abin da zai rage. Ka tambaye su ko akwai wata ƙaramar ƙofa a littafin nan da aka tanada saboda ranar da abu zai faɗo kan mutum kafin ranar zaman kotu. Na duba iya dubawata ban gani ba, amma mai aji huɗu yana iya wuce ƙofa yana zaton bango ne.

Shekaranjiya da la'asar hadarin farko ya haɗu. Ruwan bai sauka ba, iska ce kawai, amma na ji itacen yana wani kuka daga gindinsa wanda ban taɓa ji ba, wani reshe ya karye ya faɗo kan kwanon ɗakin ya lotsa shi. Na ruga ciki na same ta zaune a bakin gado tana tsefe kai, ta ce in rufe mata ƙofa iska na shigo da ƙasa. Na jera tsofaffin tayoyi a kan rufin, na tokare bangon da ƙarfen gindin babbar mota guda biyu da Mai Walda ya ba ni. Na san aikin banza ne, amma hannu ba ya iya zama. Na kuma kwashe kayan aikina daga bakin titi na dawo da su jikin bangonta, daidai ƙarƙashin inda itacen ya sunkuya. Direbobi suna cewa na ɓuya, ciniki ya ragu. Na ce musu inuwar ta fi kyau a nan. Kai kaɗai zan faɗa wa, ba zan iya zama can ina danna tub a ruwa ina neman inda yake yoyo ba, alhali ita tana nan ita kaɗai.

Ka gaishe mini da kawunka Dogo, ka ce masa har yanzu ina jiran ya zo ya ga jikarsa mai hancina. Ka gaishe da matarsa Uwar Biyu da 'yan biyun, da maƙwabcinku Tela da ya yi maka ɗinkin nan. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci, ta ce kuma kada ka sake barin littafi a gidan nan. Yayarka da mijinta da gwaggonka da Auta duk suna gaisuwa. Wanzami da Mai Walda da Mai Zarto sun ce a gaishe da lauya.

Kakarka ba ta san ina rubuta wannan ba. Ita a wurinta tsagar ma ci gaba ce, ta ce yanzu ba sai ta zagaya ta ƙofa ba in tana son yi mini faɗa. Ɗazu ina tsakiyar shafin nan na ji tana kirana ta bango, ta ce tun safe ba ta ji na ci komai ba. Na juya, sai ga hannunta ya fito ta tsagar har wuyan hannu, da dabino biyu a tafinta. Na karɓa na ci, na ce mata ya yi zaƙi.

Ka rubuto da wuri, Babana. Hadari yana haɗuwa kullum yanzu.

Ni ne mahaifinka,
Mai Faci,
shugaban ƙasa mai ɗaki huɗu, wanda ba a jin maganarsa a ko ɗaya.